Baƙar ragar inoks: rini ne ko fenti, kuma wane ƙarfe ke ƙarƙashi?

Wata ranar Laraba na fito daga gidan rediyo bayan shirin safe, sai na tarar da yaron shagon kawuna yana jirana bakin ƙofa, ya ce Alhaji na nemana maza-maza. Kawun nan nawa ya fi shekara ashirin yana saida kayan gini: siminti, kwano, ƙusa, rodi da waya. Da na isa muka gaisa, ban ko gama zama ba ya ajiye mini guntayen raga biyu bisa tebur. Duka biyun baƙaƙe ne wuluk, duka biyun an saƙa su da igiyar ƙarfe siririya mai laushi wadda ake iya naɗewa kamar tabarma. Ya ce: "Ɗana, kai ne ka yi lakwal. Mutum biyu suka aiko mini waɗannan daga ƙasar Sin, kowane ya ce nasa inoks ne, amma kuɗin wannan bai kai rabin na wancan ba. Duba mini takardun nan ka gaya mini wa ke son cutata."

Abin da ya faru shi ne, wani mai gina bene ya ba shi sautu. Yana son ya kewaye barandar sama don kada yara su faɗo, yana kuma son babban keji na ɗawisu da tantabaru a tsakar gida. Ya ga irin ragar a wani otel a ƙasar waje, ya ce ita yake so, kuma baƙa. Kun dai san yadda oda daga Sin take: kuɗi ke fara tafiya, kaya su biyo baya. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kuwa, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. In kwantena ta iso, aka biya duwan, sannan aka gane kayan jabu ne, babu wanda zai mayar da su. Shi ya sa na ɗauki kwanaki ina karatu da tambaya, kuma na ga ya dace in kawo muku abin da na samo, Alhazai da Hajiyoyi, domin rabin maganar ya shafi har kwanonin inoks da iyayenmu mata ke saye suna saidawa kullum.

Me ya sa ake son ta baƙa?

Ba don ado kawai ba ne. Ku tuna farin gidan sauro da dare: in ka haska shi da tocila daga waje, yadin kawai za ka gani, ba ka ganin wanda ke kwance ciki. Haka farar waya mai ƙyalli take yi da rana. Tana mayar da haske cikin ido, ido ya tsaya kanta. Baƙar waya kuwa shanye hasken take yi, sai ido ya wuce ta ya sauka kan abin da ke bayanta. In ka ja baya taku kaɗan, ragar kamar ta ɓace.

Wannan ne ya sa gidajen namun daji suka fi kowa sayenta. Duk wanda ya taɓa kai yara gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, ya san yadda ake kallon zaki ta tsakanin sandunan ƙarfe masu kauri. Haka ake yi a wurare da yawa a duniya a wancan zamani. Turawa kuwa suka riƙa neman shingen da zai riƙe dabba amma ba zai tare ido ba. A 1980 gidan namun dajin birnin Munik na Jamus ya buɗe wani kejin tsuntsaye mai tsawon mita 18 zuwa sama, aka lulluɓe fili mai faɗin murabba'in mita kusan 5000 da ragar inoks siririya, kamar an kafa laima. Cikin waɗanda suka tsara shi har da Frei Otto, mashahurin mai zanen gine-gine. Tun daga nan irin wannan raga ta bazu, ta shiga matakalar bene, baranda, gadoji da filayen wasa. Da aka lura ƙyallinta na damun masu kallo da masu ɗaukar hoto, sai aka koma baƙanta ta.

Igiyar kanta ta girmi wannan duka. Wani ma'aikacin haƙar ma'adinai Bajamushe mai suna Wilhelm Albert ne ya fara tufka igiyar waya a 1834, saboda sarƙoƙin da ake jawo kaya da su daga rami suna tsinkewa ba zato. Dabarar ita ce ta mai tufka igiyar rama: zare ɗaya ba shi da ƙarfi, amma in an murɗe da yawa, ko ɗaya ya tsinke saura na riƙe. In kun ga an rubuta 7x7 a takarda, ana nufin zare 7 aka murɗe suka zama tufka ɗaya, tufka 7 suka zama igiya, zare 49 ke nan. In 7x19 ne, zare 133, ta fi laushi. Kaurin igiyar da aka fi yin raga da ita yana kamawa daga milimita 1,2 zuwa 3,2. Ragar kuma iri biyu ce: akwai wadda ake saƙawa da hannu, igiya na ratsa igiya, akwai wadda ake haɗa igiyoyin da ƴan zobba a matse. Mafi yawan wadda ke zuwa da araha daga gundumar Anpin take fitowa, a lardin Hebei, kudu da Bejin. Garin ya shahara da saƙar waya, kuma mutanensa na cewa sana'ar ta samo asali ne tun 1488 daga saƙar rariyar tankaɗen gari. Wato dai da kayan mata aka fara.

Ƙarfen da ba ya karɓar rini

A nan ne maganar ta fi daɗi, a nan ne kuma ake cutar mutane. Baƙanta ƙarfe ba baƙon abu ba ne gare mu. Maƙeri in ya gama ƙira yakan shafa wa ƙarfe mai tun yana da zafi, ya yi baƙi. Dukawa kuma su jiƙa guntayen ƙarfe su samu kuloko, in ya hau fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta koma baƙa ƙirin. Duk wannan na yiwuwa ne saboda baƙin ƙarfe yana da saurin amsawa: ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa, wuta ta taɓa shi ya sauya launi.

Inoks ba haka yake ba. Wani Bature ɗan Ingila, Harry Brearley, yana neman ƙarfen da zai jure cikin bakin bindiga a garin Shefil, a 1913 ya narka ƙarfe da kurom kusan kashi 13 cikin 100, sai ya ga abin ya ƙi tsatsa. A yau ba a kiran ƙarfe inoks sai kurom ɗin cikinsa ya kai kashi 10,5 cikin 100. Sirrin shi ne, da zaran kurom ya haɗu da iska sai ya yi wata fata siririya ƙwarai a bayan ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ita ce ke hana ruwa isa gare shi. In aka karce ta, takan sake yin kanta muddin iska na samun wurin. Ku riƙe wannan magana ta iska, za mu dawo kanta. To fatar nan da ke hana tsatsa, ita ce kuma ke hana rini kamawa, ko fenti ma da ƙyar yake zama.

Saboda haka masana'antu sai sun yi wa ƙarfen dabara. Hanyar da aka fi bi ga raga ita ce wadda takardu ke kira baƙin oksid. Da farko a wanke ragar tas a cire maiƙo. Sannan a tsoma ta cikin asid don a ɓare fatar nan ta kurom. Kafin ta sake dawowa sai a jefa ragar cikin tafasasshen ruwan soda, irin sodar da mata masu haɗa sabulu suka sani, an gauraya ta da wasu gishirin magani, zafin ya haura digiri 120. Akwai kuma masu narka gishirin kurom zalla, zafinsa ya kai wajen digiri 400, su tsoma ƙarfen ciki. Ko ta wace hanya aka bi, ba wani abu aka shafa ba: bayan ƙarfen ne kansa ya rikiɗe ya yi baƙi, kamar yadda yadi ke shan baba a marina. Daga nan a ɗauraye, a shafa mai ko kaki. Kaurin baƙin bai wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin dubu na milimita ba, silin gashin kai ya ninka shi sau gommai. Shi ya sa ba ya ɓamɓarewa ko an lanƙwasa igiyar, kuma ana iya ganin kowane zare daban-daban.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za ku iya cin karo da sunansu. Ɗaya kamfanin Inco ne ya fito da ita a 1972: ana tsoma inoks cikin asid mai zafi har fatar kurom ta yi kauri ta riƙa ba da launi, kamar yadda ɗigon mai ke yin launi-launi bisa ruwa. Ɗayar ana rubuta ta PVD: a sa ƙarfe cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, a turara shi da tururin wani ƙarfe. Da ita ake yin baƙaƙen agoguna da kawunan famfo. Duka biyun sun fi tsada, kuma an fi yin su ga faranti da ƙananan kaya. In wani ya ce ragarsa PVD ce amma farashinta na ƙasa, a yi masa tambaya ta biyu.

Sai hanyar araha: fenti, ko kuma rigar roba. Bisa ƙofa ko taga fenti ba laifi ba ne. Amma igiya abu ne mai motsi. Iska ta kaɗa ta, yaro ya jingina, tsuntsu ya sauka, zarurruka na gugar juna, fentin ya tsage. Roba kuwa mun san abin da ranar watan Afrilu ke yi wa bokiti da buta da aka bari waje. In rigar ta tsage ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kwanta, iska ba ta isa, to a nan ne ko inoks na gaske yake iya fara ci. Babbar illar fenti ma ba wannan ba ce. Illarsa ita ce yana ɓoye abin da ke ciki. Farar waya in ta galba ce, wato baƙin ƙarfe da aka yi wa wankan zinki, tsohon ɗan kasuwa na iya gane ta da ido. In aka baƙanta ta, sai an bincika.

Wani ya tambaye ni ko masu walda na kasuwar Katako za su iya wannan rini. Ni ba zan ba kowa shawarar ya gwada ba. Tafasasshiyar soda tana cin nama, ɗigo ɗaya a ido ya isa makanta, gishirin kurom kuma likitoci sun tabbatar yana jawo ciwon daji. Ko ruwan da aka gama aiki da shi guba ne, bai kamata ya bi lambatu ba.

Lambobi uku da mayen ƙarfe

Kalmar inoks ita kaɗai ba ta isa a yi ciniki da ita ba, kamar mutum ne ya ce maka "shadda" bai faɗi wace iri ba. Lamba ake tambaya. Mai lamba 304 yana da kurom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100. Shi ne kuke ganin an buga 18/8 a gindin wasu kwanoni da cokula. Mai lamba 316 an ƙara masa nikel da wani ƙarfe mai suna molibden kashi 2 zuwa 3, don ya jure gishiri. Shi ake sawa bakin teku. Misali ragar da aka gama shimfiɗawa a farkon 2024 ƙarƙashin gadar Golden Gate ta birnin San Faransisko a Amurka, don tare masu faɗawa ruwa, da irin inoks na teku aka yi ta, saboda hazon wurin gishiri gare shi. Sai mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganiz. Yana ƙyalli kamar ƴan uwansa, amma ya fi su saurin tabo.

Me ya sa nikel ake ragewa? Saboda shi ne mai tsada, kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2022 tan ɗaya ya haura dalar Amurka 100.000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa na kwanaki. Duk wanda ya saida maka 201 da sunan 304, kuɗin nikel ɗin ne ya sa aljihu.

A ganina, mu nan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, 304 ya wadatar. Ba mu da teku, damina wata uku ce ko huɗu. Mai saidawa zai so ya tura maka 316 don ya fi riba, amma in ba kusa da rumbun gishiri za a kafa ragar ba, ko wurin da za a riƙa wanke ta da ruwan rijiya mai zartsi, ƙarin kuɗin bai zama dole ba. Wanda zai kai kayan Kwatano ko Legas, shi ne zai nemi 316.

Yanzu maganar mayen ƙarfe. Na sha ganin iyayenmu mata a kasuwar Dole ko babbar kasuwar Maraɗi ana nuna musu: "Hajiya duba, maye bai kama ba, inoks ne na asali." Wannan gwaji rabin gaskiya ne. Maye ba ya kama 304, haka ne, amma 201 ma ba ya kama shi. Akwai kuma inoks na gaske mai lamba 430, da irin wanda ake yin wuƙaƙe da shi, waɗanda maye ke kamawa gam. Ga igiya kuma abin ya ƙara rikicewa: lokacin da ake jan 304 ta cikin ƙananan ramuka don ya zama zare, jikinsa na sauyawa, sai maye ya riƙa ɗan jansa kaɗan. Wato in maye ya ɗan lasa, ba hujja ba ce ta cuta. In ya manne har sai an fizge shi, to a yi zargin baƙin ƙarfe ne. Iyakar abin da maye zai gaya maka ke nan. Kama da wane ba ta wane. Raba 304 da 201 sai da ruwan gwaji da ake ɗigawa bisa ƙarfen, ko wata na'ura mai kama da bindiga da ke karanta abin da ke cikin ƙarfe nan take, wadda masana'antu da masu binciken kaya a Sin suke da ita.

Ko rinin gaskiya ne, akwai abin da ya kamata a gaya wa mai saye tun kafin ya biya. Baƙin oksid ba ya ƙara wa inoks kariya daga tsatsa, launi ne kawai. Inda hannu ke yawan gugar sa zai koɗe ya koma toka-toka. Ƙurar hunturu za ta hau shi ya yi ja, sai an wanke. A wanke da ruwa da sabulu da tsumma. Kada a sa ruwan jabel, domin yana huda inoks ya bar ƴan ramuka, kuma kada a goge da soson ƙarfe, domin yana kankare baƙin ya bar ɓurɓushin da zai yi tsatsa. Wannan gargaɗi na jabel da soson ƙarfe ya shafi kwanoni da kuloli na inoks ma. Baƙin da ke cikin kaskon suya na zamani kuwa, wanda ƙwai ba ya kamawa, shi wani abu ne daban, shafen roba ne.

Haka kuma kada ɗan kasuwa ya ɗauka raga ce ta tsare ɓarawo. Za ta riƙe yaro, za ta riƙe tsuntsu, mai kauri ma damisa take riƙewa a gidajen namun daji, amma almakashin yankan waya mai kyau na tsinka igiyar milimita 2. Ga gaban shago inda ake son mai wucewa ya ga kaya ba tare da hannu ya kai ba, tana da kyau da rana. Da dare a ja ƙofar ƙarfe. Ga akurkin kaji kuma ragar galba da muka saba da ita ta isa. Sannan a aika ma'aunin tsawo da faɗi daidai, domin akan saƙa ta ne gwargwadon firam ɗin da za a ɗaura ta, ba kamar yadi ba ce da za a yi ta yankowa daga bandir. A faɗi girman idon ragar ma. Na baranda ya zama ƙarami yadda ƙafar yaro ba za ta samu wurin takawa ya hau ba.

Mu koma shagon kawu. Ba mu da na'ura, sai muka yi abin da kowa zai iya. Muka jiƙa farin tsumma da isansi muka goga. Mai tsadar ta bar ɗan dusu-dusu na man da aka shafa mata, launinta na nan. Mai arahar ta mayar da tsumman baƙi. Muka lanƙwasa igiya ɗaya sau goma a wuri guda: ta farkon ba ta nuna komai ba, ta biyun ta fara zubar da ɓawo. Muka sa maye: ya ɗan ja ta farkon, ya manne wa ta biyun. Daga ƙarshe muka yanke bakin kowace, muka naɗe su cikin tsumma mai ruwan gishiri, muka ajiye bayan kanta, yaron shago na yayyafa musu ruwa safe da yamma. Kwana biyar, bakin mai arahar ya yi ja.

Kawu ya dube ni ya ce, to ita mai tsadar fa, 304 ce ko 201? Na ce masa: "Kawu, wannan tsumma da maye ba za su faɗa ba." Sai ya sa na rubuta wa mai kayan cewa a sa lambar 304 da kalmar baƙin oksid da 7x7 da kaurin igiya cikin takardar ciniki, a haɗo da takardar shaidar ƙarfe daga masana'anta, kuma ba za a biya sauran kuɗi ba sai dillalinsa da ke can ya je an ɗora na'ura bisa ragar a gabansa, ya turo hoton abin da ta karanta. Mai kayan ya yi kwana biyu bai amsa ba, a na uku ya ce ya yarda, amma kuɗin gwajin kawu ne zai biya. Kawu ya biya. Guntuwar mai tsatsar kuma ya rataye ta da ƙusa kusa da sikeli, duk wanda ya zo da hoton raga a wayar salula yana cewa ya samu mai araha, ita yake fara miƙa masa.